Waya ko kyamara: wacce za ka hau da ita lambun Aburi?

Ɗan yayata da ke zaune a Madina, a gefen birnin Akra, ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, sai ya bugo mini waya da tambaya ɗaya. "Kawu, kuɗin nan ba za su sayi abu biyu ba. In canza waya in ɗauki babba mai ido uku, ko in haƙura da wadda ke hannuna in nemi kyamara ta hannu?" Lambun Aburi ne, lambun tsirrai da ke kan tsauni a arewa da Akra, ya jefa shi cikin wannan tunani. Ya je sau biyu, ya cika wayarsa da hotuna, amma ya ce ƙalilan ne suka yi kama da abin da idonsa ya gani. Na ce masa kada ya taɓa kuɗin tukuna, ya jira in zo Gana mu hau tudun tare, ni da tsohuwar kyamarata, shi da wayarsa da wata babba da ya aro wajen abokinsa, mu riƙa ɗaukar abu ɗaya daga wuri ɗaya. Gani ya kori ji.

Daga tashar Madina motar haya ke ɗaukar mutum, ta bi ta Adenta da Ayi Mensah, ta kama hawan tsaunin Akuapem tana lanƙwasa, ta wuce Peduase. Tafiyar kilomita 30 da ɗoriya ce daga tsakiyar Akra, amma kana sauka za ka ji iska ta canza, domin wurin yana kimanin mita 400 sama da teku. An buɗe lambun a watan Maris na 1890, a inda Turawan mulkin mallaka suka gina gidan hutun jami'ansu tun 1875, kuma mai kula da shi na farko, William Crowther, daga lambun Kew na Ingila aka turo shi. Faɗinsa ya kai kusan hekta 65, kodayake ɓangare ne kawai aka gyara don masu yawo. Ba don ƙawa kaɗai aka kafa shi ba: daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko, bayan Tetteh Quarshie, wanda ake cewa shi ya kawo koko Gana, ya dasa nasa a Mampong da ke kusa a 1879. Abin da ya shafi mai ɗaukar hoto shi ne cewa wuri ne na tsofaffin bishiyoyi, masu tsayi da inuwa mai kauri, kuma wannan ne ke sa gwajin ya zama na gaskiya.

Abin da ke fara tarbar mutum shi ne layi biyu na dogayen bishiyoyi dangin kwakwa da giginya, masu santsin jiki kamar an shafe su da siminti, asalinsu daga yankin Kuba. Kowa a nan yake fara ciro waya. A wannan wuri ban ga abin da kyamarata ta fi babbar wayar da shi ba. Haske ya wadata, bishiyoyi ba sa motsi, waya kuma tana ɗaukar hoto da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su wuri ɗaya, sai sama ta fito da shuɗinta, inuwar ƙasa ma ba ta yi baƙi ƙirin ba. Ni kuwa sai da na koma gida na zauna gaban kwamfuta kafin na daidaita haske da duhu. Kuskuren da yaron yake yi ba na waya ba ne. Yana tsayawa gindin bishiyar farko, ya danna idon da ke buɗe fili sosai, ya ɗaga wayar sama, sai bishiyoyin su fito kamar za su faɗo wa juna. Da ya ja da baya ya zuƙo ninki 2 ko 3, ya riƙe wayar a tsaye ba tare da karkatarwa ba, layin ya miƙe, bishiyoyin suka matso kusa da juna kamar ginshiƙan masallaci.

Haka abin ya kasance a gindin babban rimin lambun, wanda ake cewa shi ne ya saura daga kurmin da ya rufe tsaunin a da. Wanda ya saba da rimin Zariya zai gane shi nan take, sai dai saiwoyin wannan sun tashi kamar katanga, sun fi tsayin mutum. Ba a iya nuna girmansa sai an tsayar da wani a gefe, kuma waya tana yin wannan aiki sarai. Akwai kuma wata bishiya dangin ceɗiya da ta tsiro a kan wata, ta naɗe ta har ta kashe ta, uwar ta ruɓe, ya rage kogo a tsakiya. Yaron ya zura hannu da waya cikin kogon, ya juya idonta sama, ya ɗauko saƙar saiwoyi da ɗigon haske can ƙoli. Kyamarata da gilashin da ke jikinta ba ta iya wannan ba ko kusa. Na faɗa masa a wurin: wannan hoton naka ne, ba ni da irinsa.

Bambanci ya fara fitowa ne da muka bar fili muka shiga ƙarƙashin bishiyoyi. Ido yana sabawa da inuwa har mutum ya manta duhu ne, amma na'ura ba ta mantawa. A cikin kowace kyamara akwai ɗan allo da haske ke faɗa wa, wanda ake kira sensa, kuma girmansa ne ke yanke hukunci idan haske ya yi ƙaranci. Na kyamarori matsakaita irin tawa yana da kimanin milimita 23.5 a tsawo da 15.6 a faɗi. Na waya mai matsakaicin kuɗi bai wuce milimita 6 ko 7 a tsawo ba, wato na kyamara ya ninka shi sau 10 ko fiye a fili. Ko manyan wayoyin da suka fi kowa girman sensa, nasu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nawa. Kamar tara ruwan sama ne, wani da bahon wanki, wani da kofin shayi. Kada yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Wayar da aka ce tana da 50 yawanci haɗe ɗigo huɗu take yi su zama ɗaya ta ba ka hoton 12.5, mai 108 kuma ta haɗe tara ta ba ka 12.

Waya tana da dabarar rufe wannan giɓi: takan ɗau daƙiƙa ɗaya ko biyu tana tara haske. Idan kututture ne ko naman kaza da ke jikin itace, dabarar tana ci. Amma ganye ba ya tsayawa. Iska kaɗan ta kaɗa, sai ka buɗe hoton ka ga ganyen ya damalmale kamar an shafa fenti da yatsa. A allon waya ba a lura sosai, sai an zuƙo ko an kai wurin wankin hoto a babbar takarda. Da kyamara na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 1600, na bar ƙyaftawarta, wato lokacin da take buɗe wa haske, a kan 1/250 na daƙiƙa, jijiyoyin ganye suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙura-ƙura a inuwa wanda ba ya damun kowa.

A kan fure muka fi daɗewa, domin a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Mun sami jan furen nan ɗan'uwan yakuwa da kuɓewa, mai dogon tsinke a tsakiya da garin rawaya a jikinsa, raɓa ba ta gama bushewa a kansa ba. Wayar yaron tana da idon da aka rubuta wa makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, irin mai megafiksel 2 da ake sa wa wayoyi masu araha da yawa. Ba ya iya saita kansa, sai ka matso daidai tazarar santimita 4 ko makamancin haka, hoton kuma dishi-dishi yake fitowa. Shawarata ga mai irin wannan waya ita ce ya manta da wannan idon, ya ɗauka da babban idon daga inda ya iya saitawa, daga baya ya yanke gefe. Zai fi samun abin kirki.

Babbar wayar aro daban take. Tun daga iPhone 13 Pro a 2021, da wasu manyan wayoyin Samsung da ire-irensu, idon da ke buɗe fili yana iya saitawa a tazarar santimita 2. Hoton ya ba ni mamaki, ba zan ɓoye ba: ƙwayoyin garin furen sun fito, ɗigon raɓa ya fito da hoton sama a cikinsa. Har tana da wata falala da kyamara ba ta da ita, domin ƙaramin sensa yana sa zurfin abin da ke fitowa tar ya yi yawa, tsinken furen da ganyensa duk suka fito tare. Matsalarta uku ce. A santimita 2 jikin wayar da hannunka suna tare hasken. Saboda idon mai faɗi ne, yana kwaso duk abin da ke baya, da shara da ƙafar mai wucewa. Sannan duk wani mai rai da ke kan furen ya gudu tun kafin ka iso. Wasu kan koma wa tsarin ɗaukar hoton fuska don ya dusashe baya, amma wannan dusashewar lissafi ce, ba aikin gilashi ba, takan gutsure siraran gashin fure ta bar shi kamar an yanka da almakashi.

Gilashin makro na kyamara, irin mai milimita 90 na Tamron, ko 100 na Canon, ko 105 na Nikon da Sigma (yawan milimitar gilashi shi ne ƙarfin zuƙowarsa), yana zana abu a kan sensa daidai girmansa na zahiri. Yana yin haka ne alhali akwai kusan taƙi guda tsakanin bakin gilashin da furen, ga haske yana shiga, baya kuma ya narke ya zama kore lallausa. Kyan hoton ba ya misaltuwa. Amma ka san abin da za ka biya ban da kuɗi. A wannan kusanci, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, zurfin abin da zai fito tar bai fi milimita 1 ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da shi. Na durƙusa gaban furen nan kusan minti 20, gwiwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ina jiran iska ta lafa, ina danna maɓalli tsakanin shaƙa da fitarwa, kuma cikin hotuna masu yawa biyu na ajiye. Yaron da ke tsaye ya ga wannan da idonsa, na kuma so ya gani. Wanda ba ya jin daɗin irin wannan zama, gilashin makro zai ƙare a cikin jaka.

Akwai hanya mai sauƙin kuɗi a kowane ɓangare. Mai waya zai iya sayen ɗan gilashin da ake maƙala wa idonta da maƙali. Mai kyamara zai iya sa zoben tsawaitawa tsakanin jikinta da gilashi mai milimita 50, ya sami kusanci mai kyau kafin ya tara kuɗin na gaske. Abu ɗaya kuma ya shafe su duka: jan fure da rana ta haska yakan ƙone a hoto, ya zama jan dunƙule marar zane. Ka taɓa furen a allon wayar, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Ka sa abokin tafiyarka ya yi wa furen inuwa da laima, ka riƙe farar takarda a ƙasa ta mayar masa da haske. Wannan ya gyara hotunan yaron fiye da yadda sabuwar waya za ta yi.

Sai malam-buɗe-littafi ya sauka a wani fure can cikin kwami, taku huɗu daga hanya. Nan gasar ta ƙare. Ba a taka kwamin fure a lambu irin wannan, ba a kuma karya reshe don a gyara hoto. Babban idon waya daidai yake da gilashi mai milimita 24 zuwa 26, don haka ƙwaron ya fito kamar ƙwayar gero a tsakiyar kore. Manyan wayoyi masu ninki 5 suna kaiwa kimanin milimita 120, wanda ya isa ga ƙadangare ko hawainiya, amma sensan wannan idon ya fi na babban ƙanƙanta, a inuwa yakan gaza. Ninki 30 ko 100 da ake talla kuwa yanke hoto ne a buɗa shi, sai manhaja ta cike abin da ba ta gani ba da ƙiyasi. Gilashi mai araha na milimita 70 zuwa 300 a kan kyamara matsakaiciya yana ba da daidai da 450 ko 480. Da shi na cika hoton da fukafukan ƙwaron ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Ga sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da ke shan zaƙin fure, wanda ba ya zama daƙiƙa uku a wuri ɗaya, ana bukatar ƙyaftawa ta 1/1000 ko sama, da na'urar da ke ɗauka a daidai lokacin da yatsa ya danna. Waya takan ɗan yi jinkiri, kuma a wannan jinkirin reshe ne kawai ke saura.

Akwai zaɓi na uku da ba a cika ambata ba, kyamarar da gilashinta ba ya cirewa amma tana zuƙowa nesa ƙwarai. Nikon P900 da ta fito a 2015 tana ninki 83, daidai da milimita 24 zuwa 2000. Ga mai son tsuntsaye da bai son ɗaukar kaya, abin so ce. Sai dai sensanta ƙarami ne kamar na waya, a ƙarƙashin bishiyoyin Aburi tana wahala. A Arewa, inda fili ya buɗe rana ta wadata, kamar lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko bakin fadama da rani, ta fi nuna amfaninta.

Batun kuɗi ba ya tsayawa a farashin ranar saye. Kyamarori irin Canon 600D ta 2011 ko Nikon D5300 ta 2013 suna yawo a kasuwar kayan hannu, kuma har yau sun fi ƙarfin aikin lambu. Su biyun allonsu yana juyawa, abin da za ka gode wa idan fure yana dab da ƙasa. Kafin ka biya, a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin irin waɗannan an ƙiyasta injin ƙyaftawarsu a kan kimanin 100,000. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila: idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ka ajiye musu abinsu. Damshin bakin teku ke kawo ta, shi ya sa mazaunin Akra ko Legas sai ya tanadi roba mai murfi da ƙunshin gishirin nan mai tsotse damshi. Mu na Arewa ƙurar hunturu ce abokiyar gabarmu, ba a canza gilashi a fili iska na kaɗawa. Mai sayen ƙananan Nikon ya sani ba su da injin saiti a jikinsu, tsofaffin gilasai sai an murɗa da hannu. Ƙara batir na biyu, da memori, da jaka, da nauyin kusan kilo 2 a wuya tun safe. Lambuna da yawa kuma suna karɓar kuɗi daban a kan babbar kyamara ko sanda mai ƙafa uku, don haka a yi tambaya tun a ƙofa.

Waya tana da wani aiki da ko mai kyamara ba ya rabuwa da shi. Bishiyoyin lambun tsirrai suna da allunan suna. Ka ɗauki allon bayan kowace bishiya, in ba haka ba bayan mako guda ba za ka tuna wace ce wace ba. Inda babu allo, manhajoji irin PlantNet da iNaturalist suna taimakawa wajen gano suna, wayar kuma tana ajiye wurin da aka ɗauka. In za ka tura hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, kada a matse shi ya rasa abin da ka durƙusa dominsa.

Lokacin zuwa ya fi duka na'urorin biyu tasiri, kuma kyauta ne. Aburi tana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen 6 kusan duk shekara, tana kuma hawa da sauri. Kafin hantsi ya dubi ludayi haske ya yi kaifi, ganye yana ƙyalli, inuwa ta yi baƙi. Ka kasance cikin na farkon shiga, a ranar aiki, domin Asabar da Lahadi da ranakun hutu wurin na masu biki ne da 'yan makaranta. Ranar da hadari ya rufe sama, wadda mutane ke ƙin fita, ita ce ranar fure. Damina babba a kudancin Gana daga Afrilu zuwa Yuli take, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin kore ya cika, ƙwari sun yawaita, hazo yana sauka kan tsaunin da safe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan disashe nesa, amma a lokacin ne rimi ke zubar da ganye ya yi fure, furen da ke buɗewa da dare jemagu su zo sha.

Da muka zauna cin abinci a ƙarƙashin wata inuwa, na ce ya buɗe tsofaffin hotunansa, ba masu kyan ba, waɗanda suka ɓata masa rai, ya raba su gida biyu. Gida na farko, abin da ke tsaye yana barin mutum ya matso: bishiya, hanya, kututture, babban fure, mutane. Idan nan asararka ta fi yawa, ba kyamara kake bukata ba, har babbar wayar ma tana iya jira. Goge idon wayar da tsumma mai laushi, zo da sassafe, koyi rage haske da ja da baya. In wayar ta tsufa ƙwarai, to sai a canza ta, a zaɓi mai babban sensa da idon zuƙowa na gaske, ba mai yawan ramuka a baya ba. Gida na biyu, abin da ke gudu, ko ke nesa, ko ke motsi cikin inuwa. Idan nan zuciyarka take, babu wayar da za ta ƙosar da kai, kuma kyamarar hannu da gilashin zuƙowa ɗaya yawanci ba ta kai farashin sabuwar babbar waya ba.

Ya yi shiru yana jan allo da yatsa. Fiye da rabin nasa rassa ne da tsuntsu ya bari, da ɗigon launi a tsakiyar ganye wanda shi kaɗai ya san malam-buɗe-littafi ne. Ya ce, "Kawu, ashe ni abin da ke tashi nake bi." Ya sayi tsohuwar Canon da gilashi mai milimita 55 zuwa 250, ya bar makro sai wata shekara, wayarsa ta da kuma tana aljihu don allunan suna da kogon ceɗiya. Bayan Sallah ya turo mini hoton sha-kauci a kan jan fure, bakinsa cikin furen, gashin wuyansa yana sheƙin kore, an ɗauka da ƙarfe 8 da 'yan mintoci na wata safiyar Talata.